Yadda Luba Ta Koma Muzammilu

Mu biyu mahaifinmu ya bari a duniya, ni da ƙanena Muzammilu. Amma duk wanda ya san gidanmu a Unguwar Lalle a shekarun baya zai rantse maka Malam Na'Allah bai haifi namiji ba, 'ya'yansa mata ne biyu, Mu'minatu da Luba. Ni ce Mu'minatu. Luba kuwa ita ce Muzammilu. Inda nake ba da labarin ƙuruciya za ni riƙa cewa "ita", don haka kowa ke cewa a lokacin, har da mai sunan.

A ɗakin Inna aka haife ta. Ungozomar tsohuwa ce, idonta ya fara rauni. Inna ta ce matar ta daɗe tana juya jaririyar, sannan ta kira kakarmu suka yi ƙus-ƙus a bakin ƙofa, aka fito aka shaida wa Baba an samu mace. Inna da ke yi mata wanka ta lura halittarta ba daidai take da tawa ba. Da ta yi magana, tsofaffin suka ce ta rufe bakinta, girma zai gyara. Ba wanda ya kawo zancen asibiti. Ranar suna aka raɗa mata Lubabatu.

Ta tashi doguwa, mai faɗin kafaɗa. In tana daka, maƙwabta sun san ita ce ke bakin turmi. Baba yana da makarantar allo a zaure, maza a gaba, mata a bayan asabari, kuma a cikin matan babu mai saurin haddarta. Hannunta ya iya kitso, har matan unguwa na bin layi a tsakar gidanmu ranar jajiberin Salla. Ƙawarta Sadiya a gidan da ke jikin namu take. Akwai wata ɓaraka a katangar da ke tsakaninmu, ta nan suke shige da fice, tabarma ɗaya suke kwana, ƙwarya ɗaya suke shan fura.

An yi mini aure na koma Sabon Birni tana 'yar shekara goma sha wani abu. Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. Sa'o'inta suka fara al'ada, ita shiru. Ƙirjinta bai taso ba. Wata rana tana biya karatu a zaure muryarta ta tsage, ta faɗa ƙasa kamar ta saurayi, 'yan matan suka fashe da dariya. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga murya a karatu ba. Gashi ya fara fito mata a haɓa, tana tsigewa yana dawowa. Sai ta nemi a saya mata niƙabi. Mutanen gari suka yi ta yaba wa Baba, suna cewa Malam ya yi dace da ɗiya mai kamun kai. Inna kuwa ta bi masu magani ta bi masu rubutu a ɓoye, ta hana kowa gaya wa Baba.

Luba da ƙafarta ta zo wurina. Ta jira mijina ya fita kasuwa, ta sakaya ƙofa, ta ɗage niƙabin. Na daɗe rabona da ganin fuskarta a sarari. Na zauna a bakin gado.

Ta ce, "Yaya, ni ban san ko mi nike ba. In Sadiya da sauran suna maganar samari, ji nikai kamar da wani harshe suka yi. Salla ma ban san ko tawa tana karɓuwa ba. Na gaji da ɓoyo."

Na kai ta wurin wata ma'aikaciyar jinya da na sani. Matar ta duba ta, ta wanke hannu, ta ce wannan ya fi ƙarfin nan, sai Sakkwato, kuma kada mu ɓata lokaci. Tafiya Sakkwato ba ta yiwuwa sai da sanin Baba. Inna ta ce ita bakinta ba zai iya ba, don haka ni na durƙusa gabansa a zaure bayan ɗalibai sun tashi. Ina magana ina kallon tabarma. Na yi zaton zai yi faɗa. Sai ya miƙe ya ɗauko wani tsohon littafin fiƙihu, ya buɗe, ya bi layi da yatsa.

Ya ce, "Malamai sun yi maganar wanga abu tun da daɗewa. Hunsa suka ce mai, shi na mutane ka kira mata-maza. Na karantar da babin ga ɗalibai ban san a ɗakina yake ba. Wanda yah halicce ta bai yi kuskure ba. Mu munka ƙi dubawa. Kira min ita."

Da ta shigo, bai tambaye ta komai ba. Ya ɗora hannu a kanta.

Baba ya sayar da saniyarsa muka fara zaryar Sakkwato, ni da shi da ita. An ɗebi jini, an yi hoto, an ce mu dawo, mun dawo an sake cewa mu dawo. A ƙarshe likitar, wata mace mai sanyin magana, ta zaunar da mu. Ta ce babu mahaifa a jikin Luba, abin da ke ciki duk na namiji ne, halittar ce ba ta gama fitowa ba tun a ciki. Ta ce ana gyarawa, amma aikin ba sau ɗaya ba ne, sai an yi a huta a sake. Sannan ta juya ga Luba ta ce, "Duk wannan bayanin jiki ne. Ke me zuciyarki ke gaya miki?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta kalli Baba, ya gyaɗa mata kai.

Ta ce, "Namiji nike. Na daɗe da sani, ban dai san wa za ni gaya ma ba."

Ranar da aka kwantar da shi don aikin farko muka fara ganin abin da ke gabanmu. Katin asibitin da sunan Lubabatu aka buɗe shi, sai aka kai shi ɗakin mata. Yana buɗe baki ya gaishe su wata tsohuwa ta jawo mayafi ta ce a fitar musu da ƙato. Aka mai da shi ɗakin maza, suka zuba wa kitson kansa ido. Ni na zauna a barandar asibitin na tsefe masa kan, Baba ya aro reza ya aske shi da hannunsa. Gashin da Inna ta yi shekaru tana shafa wa mai na tattara a ɗankwalina, ban san inda zan zubar ba, na taho da shi gida.

Kafin mu dawo gari, Baba ya je Isa ya zauna da abokansa malamai, ya nuna musu bayanin likita. Suka ce hukuncinsa hukuncin maza ne, a salla da sutura da gado da komai. Wata Juma'a bayan an sallame, Baba ya miƙe a masallaci ya faɗa wa jama'a da bakinsa. Ya ce ya fi son su ji daga gare shi da su tsinta a bakin rijiya. Washegari ya yanka rago ya raɗa masa Muzammilu. Gidan ya cika. Wasu addu'a ta kawo su, da yawa kuwa kallo.

Na ɗauka da malamai sun yi magana an gama. Ashe nan aka fara. Matan da ya yi wa kitso suka tuna sun zauna gabansa ba ɗankwali, wasu sun shayar da jarirai yana riƙe musu zane, ya shiga ɗakunan masu jego. Mazajensu suka riƙa ɗauke kai in sun gan shi, kamar ya yi musu sata. Mahaifin Sadiya ya kwaɓa ƙasa ya toshe ɓarakar katanga. Sadiya ba ta yi masa maganar banza ba ko sau ɗaya, amma in ta hango shi sai ta sauya hanya, tana tafiya tana share ido da gefen hijabi. Gidajen da ya tashi yana shiga har ƙuryar ɗaki yanzu iyakarsa ƙofar zaure. Majalisar samari kuma in ya iso sai hira ta mutu.

Abubuwan maza ma bai san su ba. Bai iya huɗa ba, bai iya hawa babur ba, hula in ya sa sai ta zauna masa a karkace. Ranar farko da ya fita gaida dattawa, ya zube gwiwa biyu ya sunkuyar da kai yadda mata ke yi, aka yi ta dariya har da masu tafawa. Abin da ya iya kuwa, girki da daka da kitso, in ya taɓa sai a ce ga shi nan, dama ɗan daudu ne. Yara na bin sa suna kiran "Luba mai gemu". A cikin gida ma harshen Inna ya ƙi juyawa. Sai ta ce, "Ke, taho ki..." ta tsaya, ta ce, "Kai, taho ka ci tuwo," sannan ta shige ɗaki ta yi kuka. Shi ne ke bin ta yana ba ta haƙuri.

Da Baba ya ga zaman ba zai yiwu ba, ya kai shi Isa wurin wani tsohon ɗalibinsa tela, ya koyi ɗinki. Hannun da ya iya kitso bai sha wuyar allura ba. A can ba kowa ya san shi ba, ya samu ya ɗan numfasa. Amma akwai katin ɗan ƙasa da aka yi masa tun kafin asibiti, mai sunan Lubabatu, da hotonsa cikin hijabi, da alamar mace. Da shi aka yi rajistar layin wayarsa, kuma ba ya iya buɗe asusun banki ko neman wani tallafi sai da shi. Ya ce zai gyara.

Aka ce ya fara da takardar rantsuwa a kotu, ya yi. Aka ce sai ya buga sanarwar sauya suna a jarida, ya buga. Wani ya ga sanarwar, ya ɗauki hotonta, kafin mako ya zagayo ta shiga wayoyin mutane daga Isa har Sabon Birni, ana turawa ana ƙara mata gishiri. Ya kai takardun ofis a Sakkwato, aka ce sauya suna mai sauƙi ne, amma mai da mace namiji ba a nan ake yi ba, sai an aika sama, sai ya kawo wasiƙar likita mai hatimi, da ta hakimi, da ta ƙaramar hukuma. Ya kawo, aka ce ta likitar ta tsufa. A kowane tebur sai ya sake ba da labarin jikinsa daga farko, ga mutane a bayansa suna jiran layi suna saurare. Ya ce akwai inda mai teburin ya ce ya jira, ya fita, ya dawo da abokan aikinsa biyu, suka tsaya suna kallonsa suna kallon hoton. Ba su zage shi ba. Kallo kawai suka yi, sannan aka ce na'ura ba ta aiki yau.

Ana cikin haka hanyoyinmu suka lalace. 'Yan bindiga suka riƙa tare motoci, ƙauyuka suka fara watsewa, aka rufe kasuwanni, aka yanke layin waya na tsawon lokaci. Ranar da aka ba shi ta aiki na biyu ta zo ta wuce, ba motar da za ta kai shi, ba hanyar da zai kira ya sanar. A cikin wannan ƙuncin ciwon Baba ya tashi. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, muna kallonsa ba inda za mu kai shi. Ya rasu da hantsi, kansa a cinyar Inna.

Muzammilu ya iso ana shirin ɗaukar makara. Ya matsa zai kama, mutanen da ke gaba suka tsaya cak, kowa na kallon ɗan'uwansa. Liman ne ya ce, "Ɗanshi na. Ku ba shi wuri." Suka matsa. Ranar ce ya fara taka maƙabarta a rayuwarsa. Ya gaya mini daga baya cewa bai san inda ake tsayawa ba, bai san abin da ake yi da hannu ba, sai ya riƙa kallon na kusa da shi yana kwaikwayo, har aka rufe Baba bai samu ya yi kuka ba.

Bayan sadakar arba'in aka zo maganar gado. Baba ya bar gidan da muka tashi a ciki da gona babba a bayan gari. Ƙanensa, Baffa Is'haƙa, yana zaune a gidan tun da 'yan bindiga suka kore su daga Kurawa, shi da iyalinsa masu yawa, ba su tsira da komai ba sai kayan jikinsu. A shari'a, in mamaci 'ya'ya mata kawai ya bari, ɗan'uwansa na da kaso. In akwai ɗa namiji kuwa, ɗan'uwa ba ya samun komai. Baffa yana cikin waɗanda suka ci naman ragon sunan Muzammilu. Amma ranar rabo ya ce shi ɗiya mata biyu ya sani, ga katin hukuma nan shaida.

Na same shi a zaure na ce, "Baffa, kai ma?"

Bai iya kallona ba. Ya ce, "Mu'mina, ba ƙin shi nikai ba, Allah na gani. Ɗiyana da yunwa suka kwana. In na saki wanga, mi za ni ba su?"

Muzammilu ya aika masa cewa ya zauna a gidan har iyakar ransa, ya noma gonar ya ci, shi dai kada a rubuta a kotu cewa mace ne. Baffa ya ce zaman aro ba tabbas, yau kana da rai gobe babu. Magana ta je gaban alƙali. Alƙalin ya saurara da natsuwa, ya ce ya san hukuncin, amma tunda an yi jayayya sai likitar da ta duba shi ta zo ko ta aiko da sabon bayani. Aka nemi likitar, aka ce ta bar ƙasar. Wanda ya gaje ta ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba, sai an sake gwaje-gwajen daga farko. Saniya kuwa babu wata. Aka yi ta ɗaga zama. Gonar da ake shari'a a kanta, damina biyu ba wanda ya iya zuwa ko bakinta, don masu bindiga a nan suke kiwo.

Wata ranar zaman kotu ya taso daga Isa da safe a motar haya. A hanya suka iske shingen 'yan sa-kai, aka ce kowa ya sauko ya nuna kati. Lokacin ana ta farautar masu kai wa 'yan bindiga labari, wanda aka zarga kuma ba kasafai yake kai wa gaban hukuma ba. Muzammilu ya miƙa nasa. Mai bindigar ya dubi hoton mace cikin hijabi, ya dubi saurayi mai gemu.

Ya ce, "Ina mai katin? Ina kunka kai ta?"

"Ni na. Nawa na."

"Kai na Lubabatu?"

Ya fiddo wasiƙar asibiti, da Turanci take, ba wanda ya iya karantawa a cikinsu. Suka sallami motar ta tafi, suka ɗaure masa hannu ta baya, suka zaunar da shi a rana. Yana ta yi musu bayani, duk abin da ya faɗa sai ya ƙara zama kamar ƙarya. Ɗaya ya ce abu mai sauƙi ne, a tuɓe shi a gani. Suka ja shi bayan wata bukka. Abin da ya faru a can bai taɓa gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. Can da rana ta karkata wani dattijo a cikinsu ya dawo daga sintiri, wanda ya taɓa karatu a zauren Baba. Ya gane shi, ya ce, "Subhanallahi, wanga ɗan Malam Na'Allah na, ku kwance shi." Suka kwance shi, har da mai ba shi ruwa yana cewa ya yi haƙuri, zamani ne.

Da la'asar ya shigo gidana ba takalmi, wuyan rigarsa a yage. Na kawo masa abinci bai taɓa ba. Ya zauna ya jingina da bango yana kallon hannuwansa inda igiya ta ci. Da ya buɗe baki, cewa ya yi, "Yaya, da ina cikin niƙabi ba wanda ya taɓa sa min hannu." Mijina ne ya mai da shi Isa bayan kwana biyu. Daga ranar bai sake zuwa kotu ba. Shari'ar tana nan kwance, ba a yanke ba, ba a kore ta ba.

Ya koma bakin keken ɗinkinsa, ya rage fita, iyakarsa shago da masallaci da ɗan ɗakin da yake kwana a bayan shagon. A nan Allah ya haɗa shi da Bilki. Bazawara ce daga Burkusuma, an kashe mijinta a gona, ta gudo Isa tare da yayanta Marwan da iyalinsa, tana suyar awara a gefen shagon. Ita ta fara lura ba ya cin abincin rana, ta riƙa ajiye masa a leda a kan keken. Shi kuma in ya ga wutarta na hayaƙi sai ya fito ya gyara mata itace, ya nuna mata yadda za ta tace waken ya fi laushi. Ta yi dariya ta ce ba ta taɓa ganin namijin da ya san matacin awara ba. Da ya ga abin yana nisa, ya ce gara ta ji daga bakinsa. Ya tsaya daga nesa kaɗan ya gaya mata komai, tun daga Luba har aikin da ya rage ba a yi ba.

Ta ci gaba da juya awararta, ta ce, "Tun satin da na zo anka ba ni labarinka. Ni na ga maza iri-iri, na ga waɗanda sunka zo da bindiga. Kai dai ka yi magana da Yaya Marwan."

Ban taɓa jin muryarsa kamar ranar da ya kira ni ya gaya mini ba. Mijina da telan da ke koya masa suka je wurin Marwan. Mutumin bai wulaƙanta su ba. Ya ce ya yaba da halin yaron, amma amanar ƙanwarsa na wuyansa. Yana son likita ya tabbatar masa da cewa Muzammilu zai iya zaman aure, kuma yana son a gyara katin, don kada gobe wani ya tashi ya ce an ɗaura wa mace da mace, a zo a kama su duka. Malamai sun ce masa ɗaurin aure ba ya bukatar kati. Ya ce ya sani, amma shi baƙo ne a garin, ba shi da wanda zai tsaya masa in magana ta tashi. Ya ce zai jira.

Muzammilu ya sake ɗaura ɗamara. Ya riƙa ɗinki har idonsa na ja, yana tarawa don gwaji. Ya daure ya bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa ya je Sakkwato, aka sa shi a layin masu jiran aiki, layin da ba a gaya masa ranar da zai iso kansa ba. Ya leƙa ofishin kati, aka ce takardunsa sun tafi sama, ba su dawo ba.

Kafin wani abu ya motsa aka kai hari kusa da unguwar da su Marwan ke zaune. Marwan ya ce ya gaji da gudu daga wannan gari zuwa wancan, zai kwashe iyalinsa su haye Nijar wurin dangin mahaifiyarsu. Bilki ba ta da wanda za ta zauna wurinsa in ba shi ba. Ta ce wa Muzammilu ya biyo su, ai mutane na ƙetarawa ta daji a kan babur ba mai tambayarsu kati. Ya ce mata kowane daji da masu tsaronsa, a can ma sai an rubuta baƙo an tambaye shi shaida, kuma shi ba zai iya sake tsayawa gaban mai bindiga da wannan katin a hannu ba. Ta ce to ya jefar da shi. Ya ce wanda ba shi da kati ma ɗaure shi ake yi.

Ya ɗinka mata riga da zane na atamfa, ya ɗaukar mata ƙunshin kayanta da kaskon suyar har tasha. Mutane na kallo, don haka ba su yi wata doguwar magana ba. Ta ce in an gyara ya aiko, tana nan. Ya ce to. Sun yi waya na 'yan watanni, sannan layinta ya daina shiga. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya can ya ce ya ga Marwan a wata kasuwa, lafiyarsu ƙalau, amma bai san ƙauyen da suka sauka ba.

Watan jiya na je Isa duba shi. Na same shi ya rame, yana ɗinka kayan makaranta, ƙafarsa na taka keke ba tsayawa. A inda Bilki ke suya yanzu wani mai gyaran waya ya kafa tebur. Na zauna a kan benci na ba shi labarin gida, cewa Inna na fama da gwiwa, rufin zaure ya fara zuba, Baffa ya aiko a gaishe shi. Yana ji yana gyaɗa kai. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin titi, ya tsayar mini da mota, ya leƙa ya tabbatar akwai mata a kujerar da zan zauna.

Ya ce, "Litinin za ni koma Sakkwato, in an samu rakiya."

Na ce, "Asibiti ko ofis?"

Ya ce, "Duk wanda na iske a buɗe."

Direba ya ce in shiga, rana na yi. Na shiga, shi kuma ya juya ya koma shago, don mai kayan makarantar na jiransa.